Yadda Na Bi Hanyar Neman Maganin Raunin Mazakuta a Jidda, da Yadda Ake Zaɓen Ƙwayar da Ta Dace

Da yawa daga cikin mazanmu mazauna Jidda da Makka da Madina suna fama da raunin gaba, amma ba a cika samun wanda ya bi ta hannun likita daga farko har ƙarshe, ya dawo ya faɗa wa 'yan'uwa yadda hanyar take ba. Abin da ake ji a majalisa shi ne basir ne, ko sanyin mara, ko zaƙi ne ya yi wa mutum yawa, daga nan sai a haɗa shi da mai zuma ko mai garin magani. Ni na haura hamsin, ina da ciwon suga da hawan jini, ina aiki a wani kamfani a Jidda, da iƙama, wato katin izinin zama, da ta'amin, wato inshorar lafiya, irin na ma'aikata. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, musamman wajen zaɓen ƙwaya, domin a nan na ga an fi ruɗewa. Kowa tambayarsa wacce ta fi ƙarfi, alhali kuwa ba a nan bambancinsu yake ba.

Na fara da wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da ke cikin jerin wuraren da ta'amin ɗina ya amince da su, ban ma ɗauki mau'idi, wato lokacin ganin likita, ba. A wajen rajista lambar iƙama kawai suka nema, da ita suke ganin ta'amin a kwamfuta. Ba dole ba ne ka gaya wa yaron da ke kan kanta abin da ya kawo ka. Ka ce likitan iyali ko na batiniyya, wato na cututtukan cikin jiki, kake son gani, kuma kana da damar cewa namiji kake so. Na biya kashi 20 cikin 100 na kuɗin kashfiyya, wato ganin likita, bai kai riyal 30 ba, na zauna jira kamar rabin awa bayan la'asar. Abin da ya fi nauyi a duk tafiyar shi ne buɗe baki a karon farko. Likitan, wani Basudane mai kimanin shekaruna, da ya ga ina kewaye-kewaye sai ya ce, "Ya Hajj, ciwo ne kamar kowane ciwo, faɗi kawai." Daga nan ya shiga tambaya: yaushe abin ya fara, kwatsam ya zo ko sannu a hankali, da asuba gaban yana miƙewa ko ya daina, sha'awa tana nan ko ita ma ta ja baya, miƙewar ce ba ta zuwa ko tana zuwa ta kwanta a tsakiya, ko kuwa saurin kawowa ne, wanda shi ciwo ne daban da nasa magani. Kowace tambaya da dalilinta. Wanda abin ya same shi farat ɗaya kuma yana miƙewa da asuba, galibi damuwa ce ko fargaba ko rashin jituwa a gida. Wanda kuwa abin ya yi ta raguwa cikin shekaru har na asuba ya ɓace, an fi zargin jijiyoyin jini ko na laka, kamar yadda suga da hawan jini da taba da shisha ke lalata su. Ka zuba duk kwalayen magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, domin wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da irin su atenolol, da wasu na ciwon damuwa, da tramadol, suna iya jawo wannan rauni. Likita ne zai musanya maka, kada ka yanke maganin hawan jini da kanka.

Ranar bai rubuta min ƙwaya ba, tahalil ya rubuta, wato gwaje-gwajen jini. Ya ce in dawo da safe kafin ƙarfe 10, ban ci komai ba tun dare, saboda sinadarin maza da ake kira testostaron da safe yake kai ƙololuwarsa, in an auna da yamma sai a ga kamar ya yi ƙasa alhali lafiyarsa ƙalau. An ɗibi jini don HbA1c, wato matsakaicin suga na wata uku, da kitsen jini, da aikin ƙoda da hanta, da testostaron, aka kuma yi min awon bugun zuciya na takarda. Ta'amin ya biya waɗanda suka shafi suga da hawan jini. Na testostaron kuwa sai da aka tura neman muwafaƙa, wato amincewar kamfanin ta'amin, ba ta zo ba, na biya daga aljihuna, riyal ɗari da wani abu. Yawancin sakamakon ya fito da yamma, na testostaron sai washegari. A nan akwai abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: komawa wajen likita ɗaya kan ciwo ɗaya cikin kwana 14 kyauta ne a asibitocin kuɗi, shi suke kira muraja'a, don haka kada ka bari kwanakin su wuce ka sake biyan kashfiyya. Suga na ya haura 8, likita kuma yana son ya sauko wajen 7. Testostaron lafiya lau. Ya ce da ma ya yi ƙasa, sai an maimaita awon wata safiyar kafin a yi maganar allura, kuma allurar testostaron tana rage ƙwayoyin maniyyi, don haka mai neman haihuwa ya faɗi tun da wuri.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wannan zama shi ne maganar zuciya. Jijiyoyin da ke kai jini gaba sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara toshe jijiyoyin jiki, ƙananan ne ke fara nunawa, shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Ya tambaye ni ko ina iya hawa bene hawa biyu da sauri ba tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba, domin wahalar kusantar iyali kusan haka take ga zuciya. Wanda ba ya iyawa, ko bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, wajen likitan zuciya za a fara tura shi. Ni ya gyara min maganin suga, ya ƙara na kitse, ya rubuta min takardar tahwil zuwa likitan mafitsara, wanda a allon asibiti za ka ga an rubuta masalik bauliyya.

Mau'idin likitan mafitsara a wani babban asibitin kuɗi na same shi cikin mako guda, kuma kason da na biya ya ninka na mustausaf. Ka tafi da takardar tahwil da sakamakon tahalil a buge, in ba haka ba za su so su maimaita komai. Kafin in shiga aka ba ni takarda mai tambaya biyar kan wata shidan da suka wuce, da Larabci da Turanci, maki daga 5 zuwa 25. Daga 22 zuwa sama babu matsala, 17 zuwa 21 rauni kaɗan, ƙasa da 8 mai tsanani. Ka amsa da gaskiya, domin da wannan makin za a gane daga baya ko magani ya yi aiki. Ya duba gaba da maraina cikin minti biyu, ya tambayi yanayin fitsari, ko ina yawan tashi da dare, ko yana fita da rauni. Sannan ya yi tambayoyi biyu da ya maimaita har ya tabbatar na gane. Ta farko, ko ina amfani da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ko ake fesawa, wato dangin naitiret kamar nitroglycerin da isosorbide. Haɗa su da kowace irin ƙwayar ƙarfin maza yana iya faɗar da jini ƙasa warwas har a rasa rai, kuma a kan wannan babu sassauci. Ta biyu, ko ina da sikila, domin cutar tana da yawa a cikinmu kamar yadda take da yawa a yankin Jazan da gabashin Saudiyya, kuma mai sikila ya fi kowa haɗarin gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya.

Ƙwayoyin da ake sha ta baki huɗu ne sanannu, kuma dukkansu hanya ɗaya suke bi. Idan sha'awa ta motsa, jiki yana sakin wani sinadari da ke sassauta jijiyoyin gaba jini ya cika su, ƙwayar kuma tana hana wannan sinadari saurin lalacewa. Ba ta kunna wuta, iza ta take yi. Wanda ya haɗiya ya zauna yana kallon agogo ba tare da wasa da iyali ba, ba zai ga komai ba. Sildenafil, wato Viagra ta kamfanin Pfizer, ita ce ta fara fitowa a Amurka a 1998, tana zuwa a miligiram 25 da 50 da 100. Tadalafil, wato Cialis, da vardenafil, wato Levitra, sun biyo baya a 2003, sai avanafil a 2012. Likitan ya ce wajen yin aiki kusan kunnen doki suke, inda suka rabu shi ne saurin farawa, da daɗewa a jiki, da ko abinci yana hana su, da irin damun da suke kawowa. Ya fara ni da sildenafil 50. Wanda ya haura 65, ko mai ciwon ƙoda ko hanta, ko mai shan maganin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, irin tamsulosin ko doxazosin, da 25 ake fara masa.

A saidaliyya, wato kantin magani, aka gaya min ta'amin ɗina ba ya ɗaukar wannan magani, don haka ka shirya kuɗinka. Farashin magani a ƙasar nan hukumar abinci da magunguna ce ke ƙayyade shi, a buge yake a jikin kwali, ba a ciniki kuma ba a ƙari. Mai saidaliyya zai fara miƙo maka mai babban suna. Ka tambaye shi badil, wato wanda wani kamfani ya yi da sinadari ɗaya da awo ɗaya, wanda sau da yawa kuɗinsa bai kai rabin na asalin ba. Muddin hukumar ta yi masa rajista, aikinsu ɗaya, kuma kana iya duba sunansa da farashinsa a manhajar Tameni kafin ka fita daga gida. Ka sayi ƙaramin kwali mai ƙwaya huɗu tukuna, tunda ba ka san ko a kansa za ka tsaya ba.

Sildenafil ana shan ta kamar awa ɗaya kafin buƙata, tana aiki na kimanin awa huɗu, kuma ba a wuce sau ɗaya cikin awa 24. Babbar matsalarta a rayuwarmu ta nan ita ce abincin dare. Mukan ci mandi ko kabsa ko tuwo da miya mai mai bayan isha'i, wani lokaci ƙarfe 11, kuma maiƙo yana jinkirta shigarta jini da kusan awa guda, ya kuma rage mata ƙarfi. A kan cikin da bai cika ba ta yi min aiki daidai gwargwado, bayan abinci mai nauyi kuwa kamar ban sha ba. Ta kawo min ciwon kai, da zafin fuska, da toshewar hanci, wani lokaci kuma hasken fitila ya ɗan koma shuɗi-shuɗi, duka suna wucewa cikin 'yan awanni. Likita ya riga ya gargaɗe ni kada in yanke hukunci daga gwaji ɗaya ko biyu, domin ƙa'idar ita ce a gwada sau shida zuwa takwas yadda ya dace, a kai har awon ƙarshe idan jiki ya ɗauka, kafin a ce magani ya gaza. Masu suga musamman sukan buƙaci babban awo. Da aka kai ni 100 aikin ya ƙaru, ciwon kan ma ya ƙaru. Amma abin da ya sa na nemi sauyi ba wannan ba ne, lissafin lokacin ne. Sai ka tsara cin abinci, ka tsara sha, ka sa ido kan agogo, in yaro ya farka ko baƙo ya daɗe shi ke nan. Uwargida ma ta ce, "Alhaji, abin ya zama kamar aikin dole," kuma gaskiya ta faɗa.

Da na koma, wannan karon da sabuwar kashfiyya tunda kwana 14 sun wuce, ya mayar da ni tadalafil 10, daga baya 20. Akwai wanda ake yi a nan Saudiyya mai suna Snafi, ban da Cialis. Ita ana sha aƙalla rabin awa kafin buƙata, ko da yake ta fi nuna kanta bayan awa biyu, abinci bai dame ta ba, kuma tana nan a jiki har awa 36. Wannan ba yana nufin gaba zai tsaya na awa 36 ba, yana nufin a cikin wannan tsakani duk lokacin da sha'awa ta zo jiki zai amsa. Wanda ya sha ranar Alhamis da yamma ya wadatu har safiyar Asabar. Damunta daban ne: ciwon baya da na cinyoyi da ke zuwa washegari, da ƙwannafi. Ni na sami ciwon bayan a farko, paracetamol ya kwantar da shi, daga baya ya ragu da kansa. Daɗewar tata kuma tana da ɗaya gefen. In ta ba ka ciwon kai, zai daɗe shi ma, kuma in ciwon ƙirji ya kama ka ba za a iya ba ka naitiret ba sai bayan awa 48, alhali ga sildenafil da vardenafil awa 24 ne.

Inda na tsaya daga ƙarshe shi ne tadalafil 5 kullum, a lokaci ɗaya, ko da buƙata ko babu. Tana ɗaukar kimanin kwana biyar kafin ta daidaita a jini, daga nan babu sauran lissafi. Likita ya zaɓa min ita ne saboda ina tashi fitsari da dare, kuma wannan awon an amince da shi don kumburin furostet, ga shi ciwon baya bai kai na 20 ba. Da azumi na mayar da ita bayan buɗa-baki. Kuɗinta na wata ya fi, don haka wanda ke kusantar iyali sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka, asara ce gare shi. Sauran biyun ban gwada su ba, amma ya yi min bayaninsu. Vardenafil, mai awo 5 da 10 da 20, 'yar'uwar sildenafil ce a lokaci da kuma matsalar maiƙo, sai dai ba ta cika taɓa gani ba, kuma ba a ba masu wata irin matsalar bugun zuciya da ake gani a takardar awo. Avanafil, mai 50 da 100 da 200, ita ce mai saurin farawa, minti 15 zuwa 30, amma ba kowace saidaliyya ke da ita ba.

A binciken da aka yi inda aka ba maza sildenafil da tadalafil ɗaya bayan ɗaya aka ce su zaɓa, mafi yawa tadalafil suka ɗauka, kuma dalilin da suka fi bayarwa shi ne sakin jiki daga damuwar lokaci. Amma mafi yawa ba kowa ba ne, kuma a ganina zaman gidan mutum ne ya kamata ya yanke. Mai mata biyu ko uku da ke raba kwana bibbiyu, wanda adalci ke wuyansa, tadalafil ta fi masa, ko ta awa 36 ko ta kullum. Wanda iyalinsa ke Kano ko Damagaram, sai hutun shekara yake zuwa, ba shi da dalilin shan ƙwaya kullum, ya nemi wasfa, wato takardar magani daga likita, kafin tafiya, ya ɗauki maganin a kwalinsa. Direba ko mai aikin ɗaukar kaya wanda dama bayansa na ciwo zai iya gwammace sildenafil, ta yi aikinta ta fita. Mai ciwon zuciya da likita ke ganin wata rana zai iya buƙatar naitiret, gajeriyar ta fi masa kwanciyar hankali. Mai ƙaramin albashi kuma badil ɗin sildenafil ne ya fi sauƙi a aljihu. Ina ba da shawara da gaske a sa iyali cikin maganar. Mace da yawa tana ɗauka an daina son ta ne, ko akwai wata a waje, kuma ɓoye ƙwaya a aljihun jallabiya yana ƙara fargabar da ita kanta ke kashe gaba.

Sai maganar zumar ƙarfin maza da ake sayarwa a 'yan ƙananan leda, da kofi, da cakulan, da garin da ake kawowa daga gida ana cewa tsantsar itatuwa ne. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta sha fitar da gargaɗi cewa an sami sildenafil ko tadalafil a ɓoye cikin irin waɗannan kaya. Idan ya yi maka aiki cikin awa ɗaya har da zafin fuska da toshewar hanci, to ka zargi ƙwaya ce a ciki, ba ka san awonta ba, kuma dattijon da ke sa maganin ƙirji ƙarƙashin harshe zai sha da zuciya ɗaya yana ganin zuma ce. Wannan ne ya fi tayar min da hankali, domin dattawanmu ne suka fi sayensu. Ana kai rahoton irin wannan kaya ta lamba 19999. Haka nan kada a haɗa ƙwaya biyu a dare ɗaya, a guji ruwan garehul, kuma a gaya wa likita idan ana shan clarithromycin, ko ketoconazole, ko wasu magungunan ƙanjamau, domin suna tara ƙwayar a jini.

Abu uku ne ba a jira da su gari ya waye. Gaba ya miƙe ya kai awa huɗu bai kwanta ba, a tafi ɗakin gaggawa nan take, domin jinin da ya maƙale yana kashe naman wurin kuma jinkiri na iya jawo rauni na dindindin. Gani ya ɗauke a ido ɗaya ko ji ya ɗauke kwatsam, a daina sha a ga likita a ranar. Ciwon ƙirji ya taso a lokacin saduwa, a tsaya, a kira 997, kuma abu na farko da za a gaya wa ma'aikatan Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, shi ne sunan ƙwayar da lokacin da aka sha. Mai shan ta kullum ya rubuta sunanta a takarda ya sa kusa da iƙamarsa, kuma iyalinsa su sani, don wataƙila su ne za su yi magana a madadinsa.

Wanda ya gwada iri biyu yadda ya kamata bai ga biyan buƙata ba, hanya ba ta ƙare masa ba. Akwai allurar alprostadil da mutum ke yi wa kansa a gefen gaba, bayan likita ya koya masa ya kuma daidaita awon a asibiti. Akwai famfon da ke jawo jini, da zoben roba da ba a barinsa ya wuce minti 30. Akwai kuma aikin dashe a ƙarshe, mai tsada, wanda likitoci ba sa son yi sai suga ya sauko saboda gudun ƙwayar cuta. Ni yanzu duk wata uku nake komawa mustausaf don HbA1c da awon jini, likitan mafitsara kuma ya ce in sake cika takardar nan mai tambaya biyar bayan wata shida, a ga ko za a ci gaba da ta kullum ko a koma ta lokacin buƙata.